Kafin Ka Kira Bakanike: Yadda Ake Gano Ciwon Tsohuwar Mota a Ƙofar Gida

Wata safiya a Birnin Kebbi, yara sun shirya makaranta sun shiga Peugeot 406 ɗinmu, na murɗa makulli, sai na ji "ƙas" sau ɗaya, daga nan shiru. Yaron gareji ya zo ya ce batir ne, na sayi sabo. Bayan kwana huɗu ta sake ƙi. Aka ce kik ne, aka kwance aka kai gyara. Mako bai zagayo ba ta koma gidan jiya. Ana cikin haka kawuna, wanda ya yi shekaru yana jan 504 tsakanin Jega da Sakkwato, ya zo duba mu. Ya ce, "Ɗana, mi take ce maka in ka murɗa?" Na kwatanta masa. Ya buɗe bonet, ya kama baƙar wayar da ta tashi daga batir ta je jikin mota, ya girgiza ta, sai ga ta tana rawa, tsatsa ta cinye gindinta. Ya kankare wurin, ya ɗaure noti, mota ta tashi. Abin da na kashe kafin zuwansa ya fi kuɗin buhun shinkafa.

Tun ranar na gane cewa ba gyara ne yake cinye aljihun mai tsohuwar mota ba, canjin kaya bisa zato ne. Yawancin motocin da ke gidajenmu, 406 ce ko Golf 3 ko Corolla ko Camry ko Honda 'yar Kwatano, sun haura shekara ashirin a duniya. Irin waɗannan ba sa mutuwa farat ɗaya, sai sun yi ta ba da alama. Aikinka shi ne ka saurara, ka duba, ka gwada, kuma ka fara daga abu mafi arha kafin ka sa hannu a aljihu.

Kayan da za ka ajiye, da kare kanka

Ba ka bukatar kayan gareji guda. Sifana daga lamba 8 zuwa 19, sifanar fulogi, filaya, sukudireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, tocila, wayar haɗa batir, fiyus na ajiya, abin awon iskar taya, da ƙaramar mitar awon wuta irin ta masu gyaran rediyo. Mitar nan ita ce ta fi kowane amfani, kuma ita ce mutane suka fi rainawa.

Abu uku nake roƙonka. Kada ka shiga ƙarƙashin mota jak ne kaɗai ke riƙe da ita. Ka tokare da kututturen icce mai ƙarfi, ka ja birkin hannu, ka sa dutse a bayan taya. Kada ka bar inji yana aiki a rufaffen wuri, hayaƙinsa yana kisa ba a ji ba a gani. Sannan in za ka leƙa inji yana juyawa, ka cire babbar riga, domin fanka da fanbel ba su san mai gida ba. Yara kuma su matsa baya.

In ta ƙi tashi

Tambayar kawuna ita ce matakin farko: me ka ji da ka murɗa makulli? Amsar ba ta wuce uku.

Na farko, shiru ko "ƙas-ƙas-ƙas" da sauri, fitilun gaban direba suna dushewa. Wannan maganar wuta ce. Kunna babbar fitila, wani ya tsaya gabanta, ka murɗa. In hasken ya mutu, ko batir ya yi sanyi ko wutar ba ta samun hanya. Ka fara da kawunan batir. In ka ga farin gari ko kore ya taru a kansu, ko ka iya juya su da hannu, ka sami abin tuhuma. Kwance na baƙar waya tukuna, mai alamar ragi, sannan na ja. Wanke da ruwan ɗumi da ɗan kanwa, kankare har ƙarfen ya yi haske, ka bushe, ka mayar da ja kafin baƙi. Bi baƙar wayar har inda aka ɗaure ta a jikin mota da jikin inji, nan ne nawa ciwon ya ɓuya.

Yanzu ɗauko mita. Batir mai lafiya da ya kwana ba a taɓa shi ba zai nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. In ya nuna 12.2, kusan rabinsa ya tafi. Ƙasa da 12, ya yi sanyi sosai. Bar mitar a jiki, wani ya murɗa makulli. In lambar ta faɗi ƙasa da 9.6 alhali an caje shi, batirin ya gama yayinsa. In kuwa mota ta tashi, sake aunawa inji yana aiki: ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.5. In yana nan a 12 da ɗoriya, altaneta, wato na'urar da ke cajin batir in inji yana aiki, ba ta caji, kuma sabon batir ma kwana kaɗan zai yi ya kwanta. Duba fanbel ko ya saki kafin ka zargi altanetar kanta.

Akwai wata ɗabi'a da nake so mu bari: zare kan batir inji yana aiki don a ga ko altaneta na caji. A zamanin 504 mai kafireto an sha yi an kwana lafiya. A motar da ke da ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, wutar tana iya yin tsalle ta ƙona ta, kuma kuɗin ƙwaƙwalwa ya ninka na mita sau da yawa.

In za a ba ka wuta daga wata mota, jar waya ta haɗa kawunan batiran biyu masu alamar tarawa. Baƙa ta tashi daga ragin batir mai lafiya, ɗaya bakin kuma a maƙala shi a ƙarfen injin motarka, nesa da batir, saboda tartsatsi. Turi yana yi wa mai giyar hannu, a giya ta biyu. Mai giyar otomatik ba a tura ta, wahalar da maƙwabta kawai za ka yi.

Na biyu, "ƙas" ɗaya mai ƙarfi, fitilu kuma suna nan da haskensu. Nan hankali ya koma kan kik. Wani ya riƙe makulli a murɗe, kai kuma ka ɗan ƙwanƙwasa jikin kik ɗin da sifana. In ta tashi, gawayin cikinsa ne ya cinye, kuma mai gyaran wutar mota zai canza shi da kuɗi kaɗan, ba sai an sayi kik sukutum ba. In otomatik ce kuma ko "ƙas" ɗin babu, matsar da giya daga P zuwa N ka gwada.

Na uku shi ne ya fi ruɗa mutane: inji yana juyawa lafiya lau amma bai kama ba. Inji abu uku yake nema, mai da wuta da iska. Kashe rediyo, murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa, kada ka tayar, ka kasa kunne wajen kujerar baya. A yawancin motoci za ka ji "zuuu" na kamar daƙiƙa biyu, famfon mai ke nan. In ba ka ji ba, buɗe akwatin fiyus, murfinsa yana da zanen wurin kowanne. Fiyus da ya ƙone za ka ga zaren cikinsa ya tsinke. Mayar da mai lamba da launi irin nasa, kada ka naɗa waya a madadinsa. Motoci da yawa ta nan suka kama da wuta. In fiyus lafiya, musanya rilen famfo, ɗan akwatin nan da ke kunna masa wuta, da wani mai lamba iri ɗaya, kamar na hon. In har yanzu shiru, bubbuga ƙasan tanki da tafin hannu wani yana murɗawa. In ta tashi, famfon yana kan hanyar mutuwa, ka nemi wani kafin ya ajiye ka a daji.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da yawanmu lita biyar biyar muke sha, allura kullum tana kwance a kan ja. Na san halin da ake ciki. Amma famfon yana cikin tanki ne, kuma fetur ɗin da ke kewaye da shi ne ke sanyaya shi. Kuɗin man da za ka ƙona ɗaya ne, ko tanki na da kwata ko babu. Ka daure sau ɗaya ka kai shi kwata, daga nan ka riƙa ƙara biyar biyar ɗinka a kai. In kuma matsalar ta fara ne bayan ka sha man bumburutu, zuba kaɗan a farar kwalba ka ajiye. In da ruwa, zai kwanta a ƙasa ka gan shi da idonka.

In famfo yana kuka, sai gwajin wuta. Cire fulogi ɗaya, mayar da shi bakin wayarsa, kwantar da gindinsa a kan ƙarfen inji, ka janye hannu, wani ya murɗa. Tartsatsi mai shuɗi shi ne lafiya. In babu ko kaɗan, abin zargi akwai kwayil mai ba fulogi wuta, akwai distiributa mai rarraba wutar a irin su Golf 3, akwai kuma na'urar da ke gaya wa ƙwaƙwalwa juyin inji. Ita wannan tana da halin da ake gane ta da shi: mota ta mutu in ta yi zafi, ta huce ta tashi kamar ba ita ba. Ka kuma lura da fitila mai hoton makulli. In tana ƙiftawa, motar ba ta gane makullin ba, gwada na ajiya.

Wani sauti kuma ka kiyaye shi. In inji yana juyawa da sauri fiye da yadda ka saba, sakayau ba nauyi, daina murɗawa. Mai yiwuwa bel ɗin taimin, wanda ke daidaita buɗewar bawul da motsin fistin, ya tsinke. 406 da galibin Golf 3 bel suke amfani da shi, Corolla ta 2003 zuwa 2008 kuwa sarƙa ce. In ka sayi mai bel kuma ba ka san ranar da aka canza shi ba, canza shi yanzu, domin a injuna da yawa tsinkewarsa tana lanƙwasa bawul.

In tana misin ko tana rawa a silo

Fara da matatar iska. Ƙurar hunturu a nan ba ta jiran lokacin sabis. Ciro ta, ɗaga ta sama wajen rana. In haske bai ratsa ba, canza ta. Kaɗewa tana ɗan taimako, amma wanke ta takarda da ruwa ko fetur kashe ta ne.

Sai fulogi. Ciro su inji yana sanyi, ka jera su yadda suke a inji, kada ka cakuɗa, domin kowanne labarin silindarsa yake bayarwa. Mai ruwan ƙasa-ƙasa lafiya. Baƙi busasshe kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai yana shiga inda bai kamata ba. Fari fat, mai ya yi kaɗan ko zafi ya yi yawa. In za ka mayar, fara ɗaurawa da yatsu har ya zauna, sannan sifana. Wanda ya fara da sifana yakan ci zaren, kuma wannan aikin ya fi ƙarfin ƙofar gida. Duba tiyo-tiyon roba da ke bayan matatar iska; zafin ƙasarmu yana busar da su su tsage, inji ya riƙa shaƙar iskar da ba a auna ba.

Fitilar nan mai hoton inji, ba a rufe ta da baƙin salatif, ba a kuma cire ƙwanta. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da wani soket mai ramuka 16, galibi a ƙasan sitiyari. Akwai ƙaramar na'ura da ake sokawa a nan ta haɗu da wayar hannu ta karanto lambar ciwon. P0301 na nufin silinda ta ɗaya ce ke misin, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe. In motarka mai kwayil ɗaya a kan kowane fulogi ce, musanya na ɗaya da na biyu, goge lambar, ka zaga unguwa. In lambar ta koma P0302, ciwon ya bi kwayil, shi kaɗai za ka saya. P0171 kuma cewa take iska ta rinjayi mai, sai ka koma kan tiyo da matatar mai da famfo. Lambar unguwar ciwon take nuna maka, ba gidan ba, don haka kada ka sayi kaya don ita kaɗai.

Zafi

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kebbi ke haura digiri 40, shi ne lokacin da injuna suka fi mutuwa. In allura ta doshi ja kana kan hanyar Argungu ko Kalgo, kashe na'urar sanyi, sami gefe ka tsaya, kashe inji, ɗaga bonet. Kada ka taɓa murfin lagireto sai bayan aƙalla rabin awa, kuma sai ka iya riƙe babban tiyon sama da hannu. Ruwan ciki ya wuce zafin tafasa, matsi ne ya danne shi. Ka buɗe, ya yi tsiri ya sale maka fuska. Kada kuma ka kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, kan silinda yana iya karkacewa.

Bayan ta huce, bi a hankali. Ruwa ya ragu? Nemi inda farin tabo ko kore ya bushe a bakin tiyo, a gefen lagireto, ko ƙarƙashin famfon ruwa. Duba robar murfin lagireto; in ta tsage ba za ta riƙe matsi ba, ruwa zai tafasa da wuri. Murfi abu ne mai arha, amma na ga an sauke inji saboda shi. Leƙa gaban lagireto, ƙura da ƙaiƙayi da ƙwari sukan toshe shi, sai a wanke da ruwa mara ƙarfi daga baya zuwa gaba. Sannan fanka: tayar da mota, kunna na'urar sanyi, a yawancin motoci za ta juya nan take. In ba ta juya ba, fiyus da rile tukuna. Mota mai zafi a cunkoson kasuwa amma ta huce a buɗaɗɗiyar hanya, kusan kullum fanka ce. Mai zafi a kan gudu kuwa, lagireto ne ya toshe daga ciki ko ruwa ba ya zagayawa.

Abin da ke toshe shi shi ne ruwan da muke zubawa. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin ɓawo irin wanda kake gani a cikin butar shayi, ga tsatsa. Ruwan lagireto na kanti, kore ko ja, ba don ƙanƙarar Turai kaɗai aka yi shi ba, yana hana tsatsa yana kuma ɗaga ma'aunin tafasa. In kana hanya ka zuba abin da ka samu, amma in ka dawo gida ka juye ka sa na kirki. Ka ɓoye shi daga yara da awaki, yana da zaƙi kuma guba ne.

Sai maganar tamostat, ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama. An saba cire shi a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, a ce ƙasarmu ba ta bukatarsa. Ban yarda da wannan ba. Injin da ba shi da tamostat yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, musamman da safiyar hunturu, ƙwaƙwalwa ta yi ta ƙara masa mai, kai kuma kana biya a gidan mai. In kana zarginsa, ciro shi ka jefa a tukunyar ruwa a kan wuta. Akwai lamba a jikinsa, digirin zafin da yake buɗewa, galibi tsakanin 80 da 90. Ya kamata ya buɗe baki kafin ruwan ya tafasa. In bai buɗe ba, sabo za ka sa.

In kuwa ka ga ruwa yana raguwa babu ɗigo a ƙasa, kumfa tana tasowa a bakin lagireto, farin hayaƙi mai kauri yana fita ta salansa ko bayan ta ɗumama, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, gasket ɗin da ke tsakanin kan silinda da jikin inji ya ƙone. Ajiye makulli. Wannan na bakanike ne.

Kwali, hayaƙi da ƙara

Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota da dare, da safe ka karanta. Baƙi, baƙin mai ne. Ja mai santsi, man giya ko na sitiyari. Kore ko ruwan hoda, na lagireto. Farin ruwa ta gefen fasinja bayan an sha sanyi ba komai ba ne. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, shuɗi kuma baƙin mai take ƙonawa, sai ka riƙa zaro sandar awo duk mako, a wuri shimfiɗaɗɗe, inji a kashe. Jar fitila mai hoton buta in ta kama kana tafiya, tsaya nan take. Tafiyar minti kaɗan ta isa ta kashe inji.

"Ƙas-ƙas-ƙas" in ka karya kwana, shaf ne. Leƙa bayan taya za ka ga robarsa ta yage. Da an canza robar da wuri, da shaf ɗin ya tsira. Gurnani mai ƙaruwa da gudu, boris ne. Ƙara mai tsini da sassafe, fanbel. Ƙugin ƙarfe da ƙarfe in ka taka birki, takalmin birki ya ƙare. In kaurinsa ya ragu zuwa milimita 3 a canza. Birkin da ya yi laushi yana nutsewa ƙasa kuwa, motar ba ta fita ko nan da masallaci.

Taya a auna ta da safe kafin a hau kwalta, da lambar da ke manne a jikin ƙofar direba, ba bugun ƙafa ba. A gefen tayar, lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT suna nuna lokacin da aka ƙera ta: 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Tayar Kwatano tana iya zuwa da zane mai kyau alhali ta tsufa, kuma kwaltar Jega zuwa Yawuri da tsakar ranar bazara ba ta raga wa tsohuwar roba.

Da damina, in ruwa ya sha hanya ya kai rabin taya, juya. In ka shiga ta mutu a ciki, kada ka murɗa makulli ko sau ɗaya. A turo ta waje, a buɗe matatar iska. In ta jiƙe, a cire fulogi duka, a cire fiyus ɗin famfon mai, a juya inji ruwan ya fito ta ramukan, a kuma canza baƙin mai kafin a tayar. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, murɗawa ɗaya tana iya lanƙwasa sandar fistin.

Ranar da za ka je gareji

Cikin giya, cikin inji, taimin, da bututun birki, bar wa masu sana'a. Sai dai ka je da bayani a bakinka. Maimakon "Malam, ba ta jin daɗi", ka ce, "Malam, batir yana nuna 12.6, famfo yana kuka, amma fulogi ba wuta, kuma sai ta yi zafi take yi." Bakanike na kirki zai ji daɗin wannan, ka rage masa rabin aiki. Ka nemi a nuna maka ciwon kafin a sayi kaya, a kuma ba ka tsohon da aka cire. Ajiye ƙaramin littafi a aljihun mota, ka rubuta rana da lambar kilomita da abin da aka canza. Nawa ya fara ne da layi ɗaya: baƙar wayar batir, an kankare an ɗaure. Duk ranar Juma'a da safe, kafin rana ta ɗaga, nakan buɗe bonet in duba baƙin mai da ruwa da man birki, sannan in kama wayar nan in girgiza.